Ba Kowace Faɗuwa Ce Tsautsayi Ba

 

Akwai kalmar da ta fi kowace kalma saurin kashe magana a ƙasarmu, ita ce tsautsayi. Mota ta kife, tsautsayi. Katanga ta rufta, tsautsayi. Da zarar dattijo ya furta ta, sai kowa ya sunkuyar da kai, a ce ai ba ya wuce ranarsa, a shafa fatiha a watse. Kalma ce mai amfani, tana sanyaya zuciyar wanda abu ya sama, kuma mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Sai dai akwai wuraren da ake ɗora mata kayan da ba nata ba. Yau a kan ɗaya daga cikinsu za mu yi magana, wato filin sukuwa.

Mu mutanen arewacin Kano ne, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi. Wanda bai san ƙasar ba yakan ɗauka ƙauye wuri ne mai yalwar fili. A wajenmu gona tana jingine da gona tun daga bayan dangar gida har zuwa bayan dangar garin gaba. Babu jeji, babu saura, kowace shekara kowane taku sai an noma shi. Da damina doki ba shi da wurin miƙe ƙafa sai burtali, shi ma ɗaya bayan ɗaya, don aguwa ta tsare hagu da dama. Yawancin kwanakinsa a turke yake yin su, ana yanko masa ciyawa, ana kwashe takinsa ana tarawa don gona. Sai an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, an gama roron wake, an ɗaure kara, sannan ƙasa take buɗewa. A lokacin ne dokin da ya yi wata huɗu yana ci yana tsaye yake samun fili, shi da yaron da yake kansa.

Filin kuwa gona ce. Kunyoyi suna nan ba a baje su ba, tushiyar dawa tana tsaye da tsininta. A zaɓi wata kuka ko ɗorawa can nesa a ce ita za a kewayo a dawo. Ba shinge, jama'a su ne shingen, kuma shinge ne mai tafiya: da dawakai sun taso, kowa sai ya ƙara taku ɗaya gaba don ya gani da kyau, hanyar da aka bari mai faɗin doki shida ta koma ta uku. A baya ga samari a kan babura suna bin dawakai da hon da ihu. Masu hawan kuma yara ne, don marar nauyi ake nema. Sau da yawa ma ba ɗan mai dokin ba ne, yaron da yake yanko ciyawa ne, wanda dokin ya saba da muryarsa. Ba hular kwano, wani ko takalmi babu.

Duk da haka muna son abin. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili da la'asar, ya ji ƙasa tana amsa kofato tun kafin ya ga dawakai, ya ga ƙura ta turnuƙe ta yi ja da rana, ya ji guɗar mata daga kan katanga, ya san abin da muke nufi. Ƙauyen da dokinsa ya ci, har wata kakar yana ba da labari. Mutumin da ya je Maigatari ko Mai'aduwa ya sayo duƙushi, ya shekara biyu yana ba shi harawa da dusa da kanwa, ranar ce ranarsa. Saboda son da muke yi wa sukuwa ne muke wannan magana.

Shekarun baya an yi wata sukuwa a wani ƙauye kusa da namu, muna tsaye daidai gindin kukar da ake kewayowa. Dawakai shida ne. Da suka iso kwana, wani bidi yana ciki kusa da kuka, wani akawal yana waje, ya ɗan gota shi da wuya kawai. Mahayin akawal ya waiwaya, ya ga bidi, sannan ya ja linzami ya yanko ciki. Ƙafar bidi ta gaba ta harɗe da ta akawal ta baya. Bidi ya kifa da wuyansa, yaron da yake kai ya tashi sama ya faɗo a kan kunya, doki na uku ya tsallake shi da ƙyar. Akawal ya zarce ya ci. Aka ba mai shi kyauta, maroƙa suka wasa shi, aka zagaya gari da shi.

Yaron ya karye a cinya, aka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan maɗori. Da dare manya suka taru a ƙofar gidansu suka yi jaje, aka ce tsautsayi ne. Mahaifinsa ya ce, "Haka Allah ya so," don ba shi da abin da zai faɗa a gaban mutanen da suka fi shi. Damina ta zo yaron bai iya riƙe fartanya ba, sai da uban ya ɗauki 'yan ƙwadago. Har yau yana ɗingishi. Bidi bai sake gudu ba, an sayar da shi da araha. Mahayin akawal kuwa mako biyu bayan nan ya sake hawa a wani gari, ya sake yanke kwana kamar yadda ya saba, don abin ya biya shi kuma ba wanda ya ce masa uffan. Mu da muke gindin kuka mun ga waiwayen da ya yi. Wanda ya waiwaya ya ga ɗan uwansa sannan ya yanko, ba tsautsayi ne ya ja masa linzami ba.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa ɗan wannan yankan yake da muni. Doki a guje ba ya iya tsayawa nan take, kuma ƙafafunsa na gaba suna miƙewa nesa da ƙirjinsa. Idan wani ya shigo gabansa babu tazara, kofatonsa yana sauka a kan dugadugan na gaba, shi ke nan ƙafar ta tafi, nauyinsa duka ya koma kan wuya. Na baya ba shi da dabara, na gaba kuma sau da yawa ko jin abin ba ya yi. Ga kuma linzaminmu na gargajiya, wanda aka ƙera don zamiya a gaban sarki ranar hawa. Fizga ɗaya doki zai zauna a kan ƙafafun baya. A wajen jafi ado ne, amma a tsakiyar dawakai shida da suke guje, wanda ya fizga a gaba ya kafa wa na bayansa katanga.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasashen da sukuwa ta zama babbar sana'a, da wani jinsin doki ake tsere, wanda aka samar a Ingila wajen shekara 300 da suka wuce daga goɗiyoyin ƙasar da wasu ingarmu uku da aka kawo daga gabas. Tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi. Ɗaya yakan kai kilo 500, yana gudun kilomita 60 a awa, mahayinsa kuma, wanda 'yan sukuwa suke kira joki, bai fi kilo 55 ba. Filinsu shimfiɗaɗɗe ne, da shinge, da likita, da motar asibiti tana biye. Duk da haka ana faɗuwa, ana karyewa, ana mutuwa. Abin da suka fi mu da shi shi ne bayan kowace faɗuwa akwai waɗanda aikinsu ne su tambaya: wa ya jawo?

A Birtaniya alƙalan fili suna duba hoton tseren ta gaba da ta gefe, su kira mahaya su ji ta bakinsu, sannan su ba abin suna. Akwai karon da ya auku ba laifin kowa. Akwai hawan sakaci, inda mahayi bai kula da na kusa da shi ba. Akwai hawan da aka tsare wani da gangan. Akwai kuma hawa mai jefa rai cikin haɗari. Kowanne da hukuncinsa, daga gargaɗi, zuwa dakatarwa ta kwanaki, zuwa ƙwace nasara. A Ostireliya abin da aka saba nema shi ne mahayi ya ba na baya tazarar tsawon doki biyu kafin ya shiga gabansa. Hatta bulala a ƙirge take: tun 2023 a Birtaniya sau 6 aka yarda a tseren fili, sau 7 a na tsallake shinge, wanda ya ƙara 4 a kai kuwa dokinsa ya rasa matsayinsa ko da shi ya zo na ɗaya.

Kuma ba a takarda kawai dokar take ba. Ranar 4 ga Mayu 2019, a gasar Kentaki, wadda ta fi kowace sukuwa suna a Amurka, wani doki mai suna Maximum Security ya riga kowa isowa a gaban mutum wajen 150,000. Amma a kwanar ƙarshe ya fita daga layinsa ya tsare na bayansa. Alƙalai suka yi sama da minti 20 suna duba hoto, suka mayar da shi na 17, suka ba Country House nasara. Mahayinsa Luis Saez aka dakatar da shi kwana 15. Ba wanda ya faɗi a ranar, an hukunta shi ne a kan abin da ya kusa jawowa. A Faransa kuma, a Satumba 2022, Christophe Soumillon, ɗaya daga cikin manyan mahayan Turai, ya sa gwiwar hannu ya ture Rossa Ryan daga kan sirdi ana cikin gudu. Ryan ya tashi lafiya, amma aka dakatar da Soumillon kwana 60, Aga Khan da yake hawa wa dawakai kuma ya soke yarjejeniyarsu. Sunansa bai cece shi ba.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Freddy Tylicki. Ranar 31 ga Oktoba 2016, a filin Kempton kusa da Landan, dokinsa ya harɗe da na Graham Gibbons a kwana, dawakai huɗu suka zube. Tylicki bai sake taka ƙafarsa ba, a keken guragu yake. Alƙalan fili na ranar suka ce karo ne da ba laifin kowa, wato da harshenmu tsautsayi. Tylicki bai yarda ba, ya kai ƙara. A Disamba 2021 babbar kotun Landan ta yanke cewa Gibbons ya yi hawan ganganci, bai damu da lafiyar na kusa da shi ba, kuma abin duka bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Shekara biyar mutumin ya yi kafin a kira abin da ya same shi da sunansa na gaskiya. Su ma ke nan kalmar tsautsayi takan yi musu saurin fita daga baki. Bambancin shi ne Tylicki ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yaron ƙauyenmu ba shi da ita.

Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne, mu wasa muke yi. To, mu koma zauren malam. A cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim akwai ruwayar Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawakai a Madina, kuma bai haɗa su gaba ɗaya ba. Waɗanda aka horar an ba su nisa mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a horar ba an ba su gajere, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. A cikin Abu Dawuda kuma an hana abubuwa biyu a tsere: a sa wani ya bi doki a baya yana masa tsawa don ya ƙara gudu, da kuma mahayi ya janyo doki na biyu a gefe don ya sauya in na farko ya gaji. Duk wanda ya ga babura suna bin dawakai da hon, ya ga na farkon da idonsa. Ƙa'idar sukuwa ta girmi Ingila da littafin nasabarta.

Batun ɗaukar alhaki ma yana nan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Ta ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka, ta kuma sauke shi idan dabbar ce ta yi abin don kanta ba tare da an sa ta ba. Ashe malamanmu sun raba tsakanin abin da dabba ta yi da abin da mahayi ya jawo. Har kisan kuskure ma shari'a ta sa masa diyya da kaffara, alhali kowa ya san ƙaddara ce. Imani da ƙaddara bai taɓa goge haƙƙin wanda aka cuta ba. Saboda haka dattijon da ya ce tsautsayi ne ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Sauran rabin shi ne wane ne zai biya maɗori.

A nan ya kamata a yi wa mahayi adalci shi ma. Yaro ne ɗan shekara 14 ko 15. Kafin ya hau, mai doki ya riƙe masa likkafa ya raɗa masa cewa in ya ci akwai kuɗi da sabuwar waya, in ya bari dokin wane ya wuce shi kada ya sake zuwa barga. Yaron da abincin gidansu yake da alaƙa da bargar nan ba zai ba kowa hanya a kwana ba. Idan aka hukunta shi aka bar wanda ya zuga shi, gobe wani yaron za a ɗora. Hukuncin da zai yi aiki a wajenmu dole ya taɓa mai doki, don shi ne yake karɓar kyauta, shi maroƙa suke wasawa.

Abin da muke gani zai yiwu ba ya buƙatar gwamnati ko kasafi. Kafin ranar, a nemi izinin masu gona a baje kunyoyi a tuge tushiya a hanyar da za a bi. A ja igiya hagu da dama, 'yan sa-kai su tsare ta. Babur kada ya shiga fili. Dagaci ko mai unguwa ya zaɓi dattawa uku waɗanda ba su da doki a tseren, ɗaya a mafara, ɗaya a kwana, ɗaya a maƙura. A sa yaro ɗaya da waya a kan amalanke a daidai kwana ya ɗauki hoto, tunda ko ba a sa ba wayoyi hamsin suna ɗauka. Kafin a saki dawakai a tara mahaya da masu dawakai a faɗa musu da babbar murya: ba a shiga gaban wani sai da tazarar doki biyu, ba a dukan dokin wani, ba a tura wani cikin jama'a. Wanda ya saɓa, dokinsa ya koma bayan wanda ya tsare, ko da shi ya fara isowa. Wanda ya jawo faɗuwa da sakaci ya huta sukuwa biyu, wanda ya yi da gangan ya huta kakar duka, shi da dokin, kuma a sanar da garuruwan maƙwabta. Kuɗin magani a kan mai dokin da ya yi laifi. In kuwa an duba an ga doki ne ya yi tuntuɓe ko ya firgita, sai a ce tsautsayi da zuciya ɗaya, a cire wani abu daga kyautar ranar a taimaka wa mai rauni. Kowane yaro da hular kwano, ko ta babur ce ta fi babu.

Mun san za a ce wannan zai ɓata zumunci, ƙauye da ƙauye su yi gaba. Amma gabar tana nan ko ba a yi hukunci ba. Dangin yaron da ya karye ba su manta ba, suna jiran ranar da nasu zai haɗu da akawal a kwana. Hukuncin dattawa uku a bainar jama'a ya fi ramuwar da za a yi a guje. Za a kuma ce sukuwa ba ta matsoraci ba ce. Haka ne, amma mahayin da ya iya ajiye dokinsa a layi, ya jira sai hanya ta buɗe sannan ya sake shi, ya fi mai yanka iya hawa. Kuma mu lura da abin da yake faruwa a birnin Kano, inda hukumomi suka sha fitar da sanarwar hana kilisa da hawan angwanci a tituna saboda yadda ake take mutane. Wasan da masu shi suka kasa sa wa ƙa'ida, ƙarshensa wani ne zai zo daga waje ya hana shi gaba ɗaya.

Mu da muke koyon rubutu muna da namu kason a nan. Harshenmu yana da wata 'yar kalma mai ɓoye mai laifi, ita ce "aka". Aka yi karo, aka faɗi, aka karye. Jimlar ta cika, amma ba kowa a cikinta. Haka nan "doki ya kayar da shi" tana ɗora laifi a kan wanda ba zai iya kare kansa ba. Idan za mu ba da labarin irin wannan rana, a gajeren labari ko a rahoto, mu tsaya mu tambayi kanmu wa ya ja linzami, wa ya raɗa masa magana kafin ya hau, wa ya biya magani, wa ya noma gonar yaron. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Tana da tsautsayi, tana da sakaci, tana da ganganci, tana da mugunta, kuma kowace da nauyinta. Marubucin da ya sa kowace a gurbinta ya sauƙaƙa wa dattawan nan uku aikinsu.

'Yan uwa na Kazaure da Katsina da Maraɗi, inda sukuwa ta fi tamu girma da tsari, muna son jin yadda ake raba irin wannan gardama a filayenku.

Allah ya kare yaranmu da dawakanmu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya kai mu kaka da rai da lafiya. Amin.